Watan Kabewa a Fadaman Mada

Ko zan manta da komai na farkon aurena, ban da watan kabewa. Har yau in na hango ta a kasuwa sai maƙogwarona ya ƙi, dariya kuma ta taso min.

Lokacin muna haya a unguwar Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Maigida ƙaramin ma'aikaci ne, albashinsa sai an lallaɓa yake kai ƙarshen wata. Ni ke tsara abin da za a ci, kuma na iya jan shinkafa da manja har su kai. Shi kuwa mutumin kirki ne, ciwonsa ɗaya: ba ya iya ganin araha ya wuce. Wata Asabar ya ce in huta, shi zai je kasuwar Muda Lawal ya yi cefanen wata, wai mu mata ba mu iya ciniki ba. Na faɗa masa abin da babu a gidan, ya ce ya riƙe a ka.

Da la'asar na ji keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Na leƙa, ban ga maigida ba sai kabewa, ta cika bayan keken har rufi. Can na hango hularsa a gefen direba, ya rungume wata ƙatuwa kamar jariri.

"Ina shinkafar?" na ce.

"Ke dai ki gode Allah," ya ce, bakinsa har kunne. "Wani manomi ne ke saurin komawa ƙauye, ya karyar min da ita gaba ɗaya. Har gyara ya yi min."

Gyaran ma kabewa ce. Kuɗin cefanen kuwa duk sun tafi, saura na keke.

Haka muka shiga. Miyar taushe yau, faten kabewa gobe, jibi dafaffiya da garin ƙuli-ƙuli. Har soya ta na gwada, Allah ya yafe min. Shi kuwa tunda ya riga ya cika baki, kullum sai ya suɗe kwano yana cewa ai tana gyara ido, alhali ina ganin yadda yake haɗiye ta da ƙyar.

Ana cikin haka Goggo ta kira ta ce tana tafe. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni, kuma ita ce tun farko ta ce albashin yaron nan ba zai riƙe gida ba. Duk haushin da nake ji, ban so ta tarar da mu a haka ta koma gida da labarin mijina a baki.

Sai na bi maƙwabta ina musaya. Wannan ta karɓi kabewa ta ba ni manja, waccan ta ba ni kayan miya. Maƙwabciyata 'yar Bogoro ta yi ta dariya ta ce da irin Hausarta, "Amarya, kawo shi, zan ba ka shinkafa, yarana suna son shi." Ragowar muka tura ƙarƙashin gado, muka saki zanin gado har ƙasa. Ranar da Goggo ta iso na yi mata shinkafa da miya mai kyau, ina ta alfahari a raina.

Abin da na manta shi ne halin unguwarmu: in ka yi baƙo, kowace mata sai ta aiko da kwano. Kwanuka suka fara shigowa. Goggo ta buɗe na farko, tuwo da miyar taushe. Na biyu, faten kabewa. Na 'yar Bogoro, kabewa da wake. Goggo ta jera murafen a tabarma ta dube ni.

"'Yar nan, wai mutanen Bauchi ba su san wani abinci ba ne?"

Kafin in samo ƙaryar da zan yi, ta jawo buhunta na tsaraba. "Ni da na ce a birni tsada take yi, har na ɗauko miki daga gonata." Ta ciro kabewa. Maigida ya ce inna lillahi a hankali. Goggo ta ce bari ta ajiye ta a wuri mai sanyi, ta sunkuya ta ɗaga zanin gado.

Ta daɗe a sunkuye. Na ga kafaɗunta na rawa, na zaci kuka take yi. Ashe dariya ce ta hana ta ɗagowa. Maigida ya durƙusa ya ce, "Goggo, ba ruwanta, aikina ne. Ita ce ma ke ta rufa min asiri." Ta share hawaye ta ce, "Ɗan nan, sauƙinta dai ba shashanci ka yi da kuɗin ba. Kawo wuƙa." Muka wuni muna yanyankawa muna shanyawa a tsakar gida.

Na yi ta jiran abin da za ta faɗa in ta koma. Sai ga babana ya kira yana sa wa maigida albarka, wai Goggo ta ce 'yarsu tana cikin wadata, abinci har ƙarƙashin gado.

Daga nan na koyi cewa arahar da ba ta cikin tsarin tukunyarka ta fi komai tsada. Yanzu tare muke zama mu tsara abincin wata, tare muke zuwa kasuwa. In muka zo layin masu kabewa, ni nake riƙe masa hannun riga.