Baba Mu'azu, Wanda Ya Yarda An Fi Shi

Edita, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ɗaliba ce ni, ban taɓa rubutu a jarida ba.

Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 1958, Allah ya yi wa Baba Mu'azu na Gayam, a ƙasar Birnin Gwari, rasuwa. Wasiƙar mahaifina ce ta iske ni da labarin a makaranta.

Baba Mu'azu, tun kafin zuwan Turawa, da aka zubar da jini a mashayar cikin daji, manomanmu da makiyaya suke gaba. Ba ma sayen nononsu, su kuma ba sa kawo shanu gonakinmu bayan girbi su bar mana taki.

Sai aka kawo zaɓen majalisar ƙauye, inda kowa zai tsaya a layi bayan wanda yake so, a idon jama'a. Kai ka tsaya wa manoma, Bappa Ja'afaru ya tsaya wa makiyaya. Manoma bakwai suka bi layinsa, har da mahaifina, domin ya gaji da gabar. Ta kan katanga na ga samari sun ɗauki sanduna, suna cewa a sake ƙirga, kuma yau sai rumbun mahaifina ya ci wuta. Sai ka ce, "Na ƙirga da kaina. Ya fi ni da mutum uku. Ku da ba ku iya ƙirga awakinku ba, ku ajiye sandunan nan."

Ka zo ƙofar gidanmu ka shimfiɗa buzunka, ka zauna har la'asar. Ba wanda ya matso. Da aka yi girbi, gonarka shanun Bappa Ja'afaru suka fara shiga.

Da na ji rasuwarka na tsorata ƙwarai, kada sulhun ya bi ka kabari. Amma mahaifina ya rubuta cewa ranar sadakar uku Bappa Ja'afaru ya tambayi ɗanka Nababa, wanda dā yana cikin masu sanduna, ko bana su sake wa shanunsu hanya, kada su shiga gonarka. Nababa ya ce, "Bappa, gonar tana nan inda Baba ya bar ta."

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Inna Talatu da Nababa da dukan dangi haƙurin rashi.

Edita, in ka yarda, ina roƙon izinin sake rubutowa ranar da na je hutu na ga shanun a gonar da idona.

Furera Audi, Gayam