Sunan Gershon da Injin Citta

Duk wanda ya taɓa neman takarda a sakatariya a Kafanchan ya san Faustina, wadda ake kira Maman Jason. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta, har ta kai ga ɗauka cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ko labarin haihuwa ka kai mata, sai ta tambaye ka ranar nawa ga wata. Ana yi mata dariya a bayan ido, amma in rigimar gona ta tashi, ƙofarta ake bugawa.

Mijinta, Malam Gershon, ɗan Kagoma ne, malamin aikin ƙarfe a sakandare, mutum marar yawan magana. Ya tashi yana ganin yatsun uwarsa duk tabon wuƙa, saboda tsaga citta kafin a shanya. Shekara shida yana walda a bayan gida, har ya haɗa injin da ake juyawa da hannu, mai tsaga buhu guda kafin tuwo ya nuna. Ba a yi damina uku ba masu walda suka shiga ƙera irinsa, kowa ya shafa fenti ya rubuta sunan shagonsa. Gershon bai ce uffan ba har ya rasu bara.

Abin ya tsaya wa Faustina a rai. Ba ta neman a hana kowa ƙerawa. Takardar gwamnati guda ɗaya take so, wadda za ta ce Gershon ne ya ƙirƙiro injin. Ɗanta Jason ya turo mata bayanai ta waya, ta ce ita ba ta cin abin da wani ya tauna, dokar kanta za ta gani. Barista Emilia, ƙawarta a zumuntar matan coci, ta ba ta kujera a ofis da wani littafi mai kauri, a cikinsa akwai dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970. Mako uku tana zuwa da tabarau da rula, tana bin layi bayan layi. Ranar da ta iske inda aka ce mai ƙirƙira na ainihi yana da haƙƙin a sa sunansa a takardar, da waƙa ta koma gida.

Sai ta kawo shaidar cewa shi ne na farko: hoton bikin godiyar girbi a coci shekara tara da suka wuce, Gershon ya buɗe murfin injin yana nuna wa jama'a yadda wuƙaƙen suke jere. Ga kwanan wata a baya. Ta ajiye a gaban Emilia, a ganinta haƙa ta cimma ruwa.

Emilia ta daɗe tana kallon hoton.

"Maman Jason, kin karanta sashe na ɗaya?"

"Na karanta. Ya ce abin ya zama sabo. Ai ba wanda ya yi kafin shi."

"Sabo a doka shi ne wanda jama'a ba su gani ba kafin a yi fayil, wato a shigar da takardan nema. Wannan foto ne za su riƙe su ƙi mu. Tun ranan nan ƙofa ya rufe. In ba takarda, ba wurin sa suna."

Faustina ta jawo littafin ta ɗora rula. Yana nan a rubuce, ɓaro-ɓaro. Sau nawa idonta ya bi ta kan layin, zuciyarta ta ƙi ɗauka. Baƙin cikin da ya sauko mata ya fi na ranar jana'iza, don a ranar tana ganin akwai sauran abin da za ta yi masa.

Emilia ta dafa hannunta. "Kada ki ga laifin Baban Jason. Bai sani ba ne."

Faustina ta cire tabarau ta naɗe a bakin zane.

"Shi bai so a nuna injin ba," ta ce. "Ya ce mu bari ya tambayi masu sani tukuna. Ni na ce masa abin da Ubangiji ya ba mutum ba a rufe shi da buhu. Ni na ɗora injin a baro na tura har ƙofan coci."