Inna a cikin agogon falo

Sai da na ga mahaifiyata a wayar maigidana, tana rawa da 'yarmu Amira goye a bayanta, kanta ba ɗankwali, sannan na gane agogon falonmu na unguwar Plumstead yana da ido. Kwana arba'in ke nan da rasuwarta.

"Baban Amira, mene ne wannan?"

"Nanny cam ce, ƙaramar kyamara a cikin agogon. Saboda tsohuwar mai raino na saka, na manta. Da an motsa take ɗauka. In yi delete?"

Innar da ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta! Ga ta tana juyi a hankali cikin hasken taga, kamar a mafarki.

'Yan uwa, in ku ne, za ku goge? Ni dai har yau ban ba shi amsa ba.