Gaisuwar Suruki a Kan Kunama

Shekarar da na sayi kekena na farko na haɗu da wata mai tallar nono a kasuwar Tudun Wada, na ji in ba ita ba sai rijiya. Da magana ta yi nisa, aka ce in je rugarsu in gaida mahaifinta. Abokina, wanda bai taɓa neman aure ba amma ya fi kowa sanin yadda ake yi, ya ja mini kunne: "Mutanen nan ba sa ba raggo 'ya. Ko wuta ce ta kama rigarka, kada ka ce wash."

Na isa da hantsi, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa. Tsohon ya nuna mini gefen tabarma. Ina zama na ji kamar an soka mini allura a mazaunai. Kunama! Amma ina, tsoho ya riga ya fara gaisuwa.

"Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

Wayyo, bawan Allahn nan bai bar kowa ba! Ya tambayi mahaifina, ya tambayi gero da dawa, har jakin gidanmu sai da ya tambaya. Dafi na hawa, gumi na zuba, hawaye na bin ɗan gemuna, ni kuwa sai raba lafiya lau nake. Da na ɗan muskuta, 'yar banzar ta ƙara mini, na ce "Madalla!" da ƙarfin da ya sa maruƙa suka waiwayo.

Can sai ga ta ta fito daga ƙarƙashin rigata, wutsiya a sama, tana tafiyar ƙasaita. Tsoho ya daka tsalle yana salati, ya sauke mata sanda, sannan ya dube ni.

"Ta harbe ka?"

"Har sau biyu, Baffa," na faɗa ina jiran yabo.

"Kana zaune a kanta kana ce mini lafiya lau?"

Aka shafa mini magani, na tura keke har gida, don sirdi ya gagare ni. Duk da haka ina tafe ina murna, a zatona na gama cin jarrabawa.

Ba a jima ba saƙo ya iso wurin mahaifina. Tsoho ya ce a ba ni haƙuri. Ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ko tana kwance ba lafiya, in an aiko tambaya, zai ce lafiya lau ba.