Kututturen Bayan Gidan Mama Obone

A unguwar Nkembo, in ka tambayi Mahfuz mai butik, wato mai shago, sai a ce maka wanne daga ciki. Amma ka ce Mahfuz mai kututture, nan take za a nuna maka ƙofar. Dattijo ne yanzu, siriri, gemu duk furfura. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya cika buta ya zagaya bayan gida, ya tsallake kunyoyin yakuwa da alayyahu, ya zuba ruwa a wani ɗan rami. A Libreville fa, garin da ruwan sama ke zuba har ka gaji da neman wurin fakewa! Kututturen ma gara ta gama da shi tuntuni, suna kawai ya rage. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji sun bar shi.

Bakano ne, haifaffen Fagge, ɗan tireda jikan tireda. Kafin ya zo Gabon hannunsa bai taɓa sanin ƙotar fartanya ba. Ya biyo ta Kamaru yana saurayi, ya yi zaman shago a kasuwar Mont-Bouët har ya buɗe nasa ɗan butik, ya koma gida ya auro Zubaida ya taho da ita. Suka kama haya a gidan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Fang, Mama Obone, wadda mijinta ya rasu. Rogo take sayarwa, tana da gona a Ntoum, ɗanta kuma ɗaya ne tak, Ekomi, yana karatu a Faransa. Tun ranar da suka tare take kiran Mahfuz da «ɗana», shi kuma yana ce mata Mama, cikin Faransancinsa na kasuwa mai kama da tafiyar gurgu.

A Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa. Shinkafa, madara, tumatirin gwangwani, komai ya yi fiffike. Masu saye suka koma leƙo butik su tambayi farashi su yi tsaki su wuce. Miyar gidan Mahfuz ta tsinke har kana hango gindin kwano.

Zubaida ce ta kawo shawarar. Ta ce, «Baban Hawa, ga fili a bayan gida yana zaman banza, mu kuma muna sayen ganye kamar magani. Mu shuka mana.»

Mama Obone ta ce su shuka, ita ma ta samu na miya. To, a nan aka ga noman ɗan birni. Mahfuz ya tuna lambunan da ya saba hangowa a bakin kogin Jakara a Kano, ya haƙa fangali masu zurfi don su riƙe ruwa, ya yi gumi ya ji shi manomi. Ruwa ɗaya aka yi, lambu ya zama kududdufi, har da kwaɗi. Abin da ya tsira kuma katantanwa ta lashe shi tas. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta nuna musu yadda ake tada kunya sama. A karo na biyu yakuwa ta yi, alayyahu ya yi, kuɓewa ma ba laifi. Suka jera gwanda da ayaba da ɗan lemun tsami a jikin shinge. Tumatir da tattasai ne kawai suka ƙi, sai su miƙe sirara, farare fat, su kwanta.

Mahfuz ya ɗaga kai ya ga dalili. A tsakiyar filin akwai wata ƙatuwar bishiyar atanga, irin mai 'ya'yan nan shuɗɗa da ake tsomawa a ruwan zafi a ci da gishiri. Sai dai wannan tun zuwansu ba ta taɓa yin ko ƙwaya ba. Inuwa kawai take yi, ta shanye rana ta bar wa tumatir duhu.

Wata rana ya ce, «Mama, bishiyar nan fa ba ta haihuwa.»

Ta ce, «Namiji ne. Ka bar shi.»

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, shi kuma bai tambayi dalili ba. Da ya tambaya! Amma kan ɗan kasuwa ne da shi, duk abin da ya tare wuri bai kawo komai ba, a wurinsa kayan kwantai ne. Ya san ɗan haya ba ya sare itacen mai gida. Sai dai ya taɓa ji a gida yadda masu gawayi ke yi in suna son itace ya mutu a tsaye ba tare da an ji ƙarar gatari ba. Ranar da Mama ta tafi Ntoum, Zubaida kuma ta tafi suna, ya durƙusa a gindin atangar da wuƙar yanka kwali, ya zagaye ɓawon ya ɓare shi faɗin tafin hannu, ya tara ƙasa ya rufe wurin. Ya wanke hannu ya koma butik, har da ɗan waƙe-waƙensa.

Itace ba ya mutuwa da gaggawa. Sai da aka shiga ruwan ƙarshen shekara ganyen ya fara ja yana zuba, alhali kowace bishiya a unguwar ta yi shar. Rana ta sauko lambu, tumatir ya yi jajir kamar a yi masa hoto. Mahfuz da kansa yake cika kwano ya kai wa Mama, ta karɓa ta ce, «Na gode, ɗana.»

A daidai lokacin ne kuma wasiƙun Ekomi suka ɗauke. Karyewar sefa ta bi ɗalibai har Faransa, abin da ake aika musu ya zama ba ya kai su ko'ina. Mama ta yi ta zuwa gidan waya tana dawowa hannu wofi. Wata safiya Mahfuz da Zubaida suna cire ciyawa, ta fito ta tsaya a ƙarƙashin rassan da suka koma ƙirare, ta dafa gindin.

Ta ce, «Cibiyar Ekomi tana nan ƙasa. Ranar da na haife shi, ubansa ya binne ta ya dasa wannan a kai. Tare suka girma. In Ekomi ya yi zazzaɓi, ganyen nan yana laushi, da idona na sha gani.» Ta juyo ta dube su. «Yanzu ku duba.»

Zubaida ta dafe ƙirji ta ce, «Innalillahi!» Ita ma an binne mabiyiyar 'yarta Hawa a bayan ɗakin nan, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Mahfuz kuwa ciyawar da ke hannunsa ya ƙura wa ido.

Daga ranar Mama ta daina zuwa gona. Ta daina ƙulla rogon sayarwa, ta daina zuwa coci. In Zubaida ta kai mata abinci sai ta taɓa cokali ta ture. Tsohuwar da ke cika gida da hayaniya ta koma zama a kan benci, zane yana zame mata daga kafaɗa.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga sanarwar gwamnati: duk baƙon da ba shi da kart sejur, wato katin zama, ya gyara ko ya bar ƙasa kafin wa'adi ya cika. Mahfuz yana da nasa. Na Zubaida kuwa kullum «sai kasuwa ta buɗe», har ƙofa ta rufe. Mutane suka yi ta karyar da kaya suna tururuwa tashar jirgin ruwa. Maƙwabcinsu Bouba mai nama ya tafi ya bar tukubarsa da ɗumi. Jandarmomi suna shiga unguwa-unguwa, kuma kowa ya san wani lokacin mai gida ne ke nuna ɗakin ɗan hayarsa. Mama, duk da halin da take ciki, ta ce da su, «Ba mai taɓa ku a gidan nan ina raye.»

Wannan magana ta fi mari zafi a wurin Mahfuz. Ga tsohuwa tana makokin ɗan da wataƙila lafiyarsa ƙalau, shi kaɗai ya san wuƙa ce. In ya yi shiru, tana iya mutuwa a kan bencin nan. In ya faɗa, bakinta ɗaya ya isa a saka Zubaida a jirgi. Ya rame, ya fara ba mutane canjin da ba nasu ba. Ranar nan dai bayan azahar ya zaunar da matarsa ya gaya mata komai.

Zubaida ta ɗago ta dube shi. Ta ce, «Saboda tumatir, Baban Hawa? Tumatir?»

«Ban sani ba wallahi.»

«Ta ce ka bar shi. Wannan ka sani.» Ta share ido da gefen mayafi. «Ni za a kora, ba kai ba. Kuma ni na ce ka tashi ka gaya mata. Ba zan ci tuwo ina kallon matar nan tana ƙarewa ba.»

Ya tafi yana ta shirya magana a ransa, har yana hango yadda za ta yi ajiyar zuciya ta ce ashe ɗanta yana nan. Ya roƙe ta ta biyo shi bayan gida. Ya durƙusa ya tone ƙasar da hannu har zoben ya bayyana, baƙi, shatar wuƙa a fili.

Ya ce, «Mama, ba ciwon Ekomi ne ya kashe bishiyar ba. Ni ne. Rana nake nema wa tumatir. Ɗanki lafiyarsa lau in Allah ya yarda, ki yafe mini, ki ci abinci.»

Ta sunkuya da ƙyar ta bi shatar da yatsa har ta zagayo. Ba ta yi ajiyar zuciyar ba.

Ta ce, «Da ina cewa ciwo ne ya kama shi a can, itacen ya ji. Ashe daga nan aka yanka shi.» Ta ɗago. «Kuma ka kawo mini tumatirin na ci.»

Wayyo Mahfuz! Wannan lissafin bai taɓa zuwa kansa ba. Ya yi rantsuwa, ya ce rai a hannun Allah yake, itace ba ya kashe mutum. Ta juya ta shige ɗaki ta bar shi a durƙushe.

Ba a yi mako ba jandarmomi suka shigo layinsu da hantsi. Mahfuz yana tsaye da katinsa a hannu, sai ya ga Mama ta fito ta kama hannun Zubaida ta tura ta ɗakinta, ta jawo benci ta zauna a bakin ƙofar. Da suka tambaya ta ce ɗan hayarta ga shi nan, ɗakin nan kuwa nata ne, wanda ke son leƙa ɗakin uwarsa ya zo ya ɗaga ta. Suka duba katin Mahfuz suka wuce. Ya zo ya zube a gabanta zai yi godiya, ta kawar da kai.

Ta ce, «Matarka ba ta yi mini komai ba.»

Ba ta kore su ba, ba ta ƙara musu haya ba, ba ta kuma ƙara ce masa «ɗana» ba. Kwanon tumatir in ya ajiye a ƙofarta, nan zai tarar da shi. Da busasshen itacen ya fara barazanar faɗo wa rufi, 'yan'uwanta suka zo suka sare shi suka bar kututture. Washegari Mahfuz ya fara zuba masa ruwa, ko Allah zai sa ya yi toho ta gani. Abin da Bakano ya sani na jinyar shuka ke nan, ban ruwa. Ita kuma tana zaune a benci tana kallonsa, ba ta hana shi ba, ba ta ce sannu ba. Kututture bai yi toho ba. Kafin shekara ta zagayo Mama Obone ta rasu, Zubaida ce a kanta.

Sai ga Ekomi ya zo jana'iza. Ƙato, ja-jir da shi, da tabarau da ɗan tumbi. Ashe karatun ne ya tsaya, ya koma wanke kwanuka a gidan abinci, kunya ta hana shi rubutowa. Ko ciwon kai bai yi ba. Ana kafa rumfar zaman makoki a bayan gida ya yi tuntuɓe da kututturen, ya dubi Mahfuz ya ce, «Wannan kuma na mene ne? Ku tumɓuke shi mana, yana tare hanya.»

Mahfuz ya ce, «Don Allah a bar shi.»

«Yana da wani amfani ne?»

«Babu.»

Ekomi ya ɗaga kafaɗa ya wuce wurin baƙi. Bayan sati ya koma Faransa ya bar gidan a hannun Mahfuz.

Lambun yana nan har yau. Gwanda ta yi ta mutu an sake wata, lemun tsamin ya fi rufin gida tsawo, matan unguwa suna zuwa sayen yakuwa wurin Zubaida, wadda ta samu katinta daga baya. Tumatir ne kawai ba a shukawa. Wani malami ya taɓa ce wa Mahfuz zancen cibiya da bishiya camfi ne, ya yi istigfari ya manta. Mahfuz ya ce ya sani, ai ya ga yaron da idonsa. Ya ce Mama ce ba ta gan shi ba. Sannan ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan gida.