Kyanwar Rumasa'u a Asibitin Dabbobi

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Rumasa'u a Misfala, wata unguwa a Makka. Tsakanin ɗakinta da namu katangar kwano ce kawai. Idan ta yi tari ina ji, idan na ɗaga wa 'ya'yana murya sai ta buga kwanon sau biyu, wato in sassauta. Iya nake kiranta, don ta isa ta haife ni.

Mutuniyar Gumel ce. Ta baro gida da ƙafa ita da mijinta Wada, da goyo a bayanta, kamar yadda ake yi a wancan zamanin. Sun yi damina biyu a Abashe, sun yi shekara bakwai suna tsinkar auduga a Wad Madani kafin su haye teku. A hanyar nan ta binne 'ya'ya maza biyu. Maimuna kaɗai ta iso Makka da ita. Wada ya zama mai ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa yana sauka a lungunan unguwa har ranar da ƙirjinsa ya gaza. Bayan rasuwarsa ta riƙe kanta da wankin kayan alhazai lokacin aikin Hajji, sauran watanni kuma ta soya gyaɗa, ta zauna da farantinta a bakin hanyar Harami. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma shiga gidajen mutane sai da dalili.

Da Maimuna ta auri Hassan, wani tela, suka koma Madina, sai ɗakin ya yi wa Iya faɗi. A shekarar ce ta tsinci kyanwar a cikin ɓaraguzan gidajen da ake rushewa don faɗaɗa masallaci. 'Yar mitsitsiya ce, ruwan toka, idonta ko gama buɗewa bai yi ba. Ta kawo ta cikin haɓar zane, ta dinga ɗiga mata madara da tsumma har ta rayu. Ta sa mata suna 'Yargari, wai don ita kaɗai ce a ɗakin ba wanda zai tare ta ya tambaye ta takarda. Ta cikin kwanon nan nakan ji tana yi mata hira da rana tsaka, tana ba ta labarin wanda ya sayi gyaɗa da wanda ya wuce bai yi sallama ba.

A shekarar 1966, bayan alhazai sun watse, wani direban babbar mota da ke zirga-zirgar Madina ya kawo saƙo. Watan haihuwar Maimuna ya kama, ƙafafunta sun kumbura, tana kiran uwarta. Motar kuma jibi za ta juya.

Abin da ya ɗaure wa Iya kai shi ne, kwana uku kafin nan 'Yargari ta dawo tana jan ƙafar baya. Wani abu ya yage ta, ko kare ko bakin kwano, ciwon har ya fara wari. Iya ta shigo wurina da la'asar ta zauna a bakin tabarma.

"Hauwa, za ki riƙe mini ita? Kwana goma ne."

Na sunkuyar da kai. Maigidana Tijjani yana kiwon tattabaru a bayan ɗaki, ya kuma sha faɗa cewa kyanwa ba za ta kwana masa a gida ba. Na ce, "Iya, kin san halin mai tattabarun nan."

Ta miƙe ta fita. Har yau in na tuna fitar nan sai in ji nauyi. Ta zaga gidaje uku, kowa amsarsa ɗaya: ki sake ta mana, kyanwa ba ta mutuwa da yunwa a Makka. Amma wannan ko tsallake dokin ƙofa ba ta iya yi.

Tijjani ne da kansa, wataƙila don kunya, ya ce akwai asibitin dabbobi a gefen Jarwal, kusa da inda ake sayar da tumaki, kuma akwai wani Bahaushe a wurin, Abdulganiyyu. Washegari da hantsi na raka ta. Ta saka kyanwar a kwando ta rufe da tsohon zanenta, muka taka da ƙafa, tana tafe tana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Wurin fili ne da rumfa, da ɗakuna biyu na dutse. Jakuna masu gyambo a baya suna ɗaure, ga raƙumi a durƙushe, ko'ina warin magani da kashin tumaki. Likitan, wani dogon mutumin Sudan, ya ɗaga zanen ya leƙa, ya ce da Larabci ciwon za a wanke shi, amma ajiya babu, nan ba masauki ba ne.

Abdulganiyyu yana gefe yana wanke hannu a bokiti. Ya ba hamsin baya, gajere, gemunsa ya yi furfura. A unguwar Tandabawi ta nan Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Shekara ashirin ke nan aikinsa riƙe dabba idan za a yi mata allura, da wanke ciwo, da ba da ci. Ya karɓi kwandon, ya naɗe kyanwar da buhu ya bar ƙafar a waje, ya matse ruwan ciwon, ya wanke, ya shafa wani magani shuɗi. Kyanwar tana ta kuka, Iya ta juya baya ta toshe kunne ɗaya.

Da ya gama sai ya bi likitan cikin ɗaki. Muna jiyo su. Yana ce masa ɓeraye sun gama da buhunan sha'ir a ɗakin ajiya, bissar nan, wato kyanwar, in ta warke za ta yi aiki, kuma shi zai kula da ita, ba ruwan kowa. Ya fito yana goge hannu a riga.

"Ɗayyib, Hajiya, ya yarda. Kwana nawa?"

"Goma. In ya yi yawa, sha biyar."

"Me take ci?"

"Burodi, amma sai an jiƙa. Ba ta cin abu mai yaji. Kuma malam, ba ta jin Larabci. In za ka kira ta, da Hausa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ji." Ya tambayi sunan, ya maimaita shi sau biyu. Iya ta shimfiɗa zanen nan a kusurwar ɗakin ajiya tsakanin buhuna, ta kwantar da ita, ta daɗe a tsugune hannunta a kan wuyanta. Sannan ta miƙe, muka fito, ba ta waiwaya ba.

Kwana goma suka wuce, ashirin suka wuce. A rana ta ashirin da uku direban ya tsaya a bakin lungunmu, bai shigo ba, ya aika a kira Tijjani. Maimuna ta haifi namiji, jini ya ƙi tsayawa, ta rasu ana gobe suna. Yaron yana nan, an sa masa Idris.

Washegari na tafi Jarwal ni kaɗai, don na ga ya kamata mutumin nan ya san dalilin jinkirin. Na same shi yana yanka ciyawa. Da na faɗa masa sai ya ajiye wuƙar, ya zauna a kan dutse, ya yi salati. Can ya ce, "Ki aika mata kada ta sa bissa a ranta. Ko shekara za ta yi."

Ya kai ni na gan ta. Ciwon ya kame, ta fara dogarawa. Ya ce kwana huɗu na farko ta ƙi cin komai, ta cusa kai cikin zanen. Shi kuma sai ya dinga zama kusa da ita bayan azahar, da burodi jiƙe a nonon akuya, yana yi mata Hausa. "Wallahi tun da ummi, mahaifiyata, ta rasu ban yi Hausa mai tsawo haka ba," in ji shi. "A gida yara Larabci suke amsa mini."

Sai bayan wata biyu da 'yan kwanaki Iya ta dawo. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Mata suka cika ɗakin suna gaisuwa, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, idonta a bushe. Da gari ya waye ta buga kwanon, ta ce, "Hauwa, ɗauko mayafinki."

Mun sami 'Yargari a saman buhuna, ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi. Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta kira sunanta sau ɗaya. Kyanwar ta ɗaga kai, ta sauko da 'yar ɗingisarta, ta zo ta shinshina ƙafar Iya, ta goga jikinta sau biyu. Sai kuma ta juya ta je ta zauna a gefen takalmin Abdulganiyyu.

Iya ta zauna a kan buhu. A nan ta yi kukan da ba ta yi a gaban mata ba. Ba da ƙarfi ba, kafaɗunta ne kawai suke rawa. Abdulganiyyu ya fita ya ba mu wuri, ya daɗe, sannan ya dawo da ruwa a kofi.

Da ta sha, ta share fuska, ta ce, "Malam, ba ɗaukarta na zo yi ba. Kayana na zo haɗawa. Yaron nan ba shi da kowa. Uwar ubansa ta daɗe da rasuwa, wata maƙwabciya ce take ba shi nono, uban kuma yana kan keken ɗinki tun safe. Na so in ƙarasa kwanana a nan, a kai ni kusa da Wada. To, Allah bai yi ba."

Ya ce, "Hajiya, sai in haɗa miki akwati na katako, in huda shi. Direban na san shi, zai sa ta a gaba."

Ta girgiza kai. "Na ɗauki rai a hanya, na san yadda take. Na gaji. Ga ta nan ta sami wuri, ta sami wanda take so. In ba za ta yi maka nauyi ba."

"Ba nauyi. Amana ce."

Ta miƙa hannu, kyanwar ta zo, ta ɗora ta a cinya tana shafa ta har aka kira azahar. Zanen ma ta ce a bar mata shi.

Cikin kwana huɗu ta rarraba kayan ɗakinta. Ni ta ba ni turmi da kaskon suyar gyaɗa. Muka raka ta tasha da safe, ta hau bayan motar da ƙunshi ɗaya.

Bayan haka labarin ya bazu a unguwanni, mutane masu zuwa Madina ko Jidda suka fara kai wa Abdulganiyyu kyanwoyinsu. Likitan ya gaji da musu, ya bar shi ya kafa keji uku na katako a ƙarƙashin rumfa. 'Yargari kam ba ta taɓa shiga keji ba, ɗakin ajiya nata ne. Duk zuwan direban sai ya kawo saƙon Iya: Idris ya yi haƙori, Idris ya fara tafiya, a gaida Tijjani, a gaida malamin Jarwal, ya ƙafar mutuniyar.

Shekara uku 'Yargari ta yi a wurinsa, sannan wata rana Abdulganiyyu ya same ta a kan zanen ta mutu. Ya binne ta a bayan katanga, ya zo da kansa ya faɗa mini. Na yi mako biyu ina juya maganar kafin na ba direban. Amsar da ta dawo gajera ce: Allah ya saka masa da alheri. Tare da ita akwai ƙunshin dabino da farar hula da ta saƙa masa da hannunta.

Iya ta rasu a Madina da sauran shekara guda Idris ya shiga makaranta. Ba ta da dangi a Makka, don haka a ɗakinmu aka zauna karɓar gaisuwa. Tijjani ya shimfiɗa tabarmi a lungu don maza. Abdulganiyyu ya zo tun ranar farko, ya zauna a gefen Tijjani, yana amsa gaisuwar mutane tare da shi har kwana uku suka cika.