Fararen Ɓerayen Adda

A shekarun da zama ya gagara a Maiduguri, babbar yayata, wadda muke kira Adda, ta dawo garinmu, ta sauka a gidanmu na unguwar Dawaki. Malamar jami'a ce mai binciken magunguna. Wasu sun gudo da katifa da tukwane, ita kuwa da jaka ɗaya ta sauka, da kejin fararen ɓeraye da ta riƙo a cinya. Ta ce a kowane shinge sai soja ya ɗaga zanen da ta rufe kejin da shi, ya leƙa, ya dube ta, ya ce su wuce.

Ɓerayen suna da ciwon da ke kashe jijiyoyin da ke motsa jiki. Ƙafafun baya ne ke fara mutuwa, ciwon ya yi ta hawa har numfashi ya gagara. Magunguna biyu Adda ke gwadawa. Wasu ɓerayen ta ba su na farko, wasu na biyu, wasu ta haɗa musu duka. Kafin ta sami gurbi a wani ɗakin gwaji a cikin gari, ɗakin da muke ajiye hatsi ta share ta zuba su. Innarmu ta yi ta mita, wai ɓera ne ake wa fifita in an ɗauke wuta. Kullum da safe Adda takan ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan siririyar sanda, ta zuba ido ta ga wanda zai iya riƙewa. Ban taɓa ganin ta yi wa ko ɗaya gaggawa ba.

Muna da maƙwabci ɗan ƙabilar Ibo, mai walda a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Guduma ta fara suɓuce masa, daga baya har cokali, likitoci suka ce irin wannan ciwon ne. Da matarsa ta ji abin da Adda ke yi, sai ta shigo ta durƙusa a tsakar gida.

"Dakta, ki taimake ni. Wanda kike ba ɓerayen nan, ki ba maigidana."

"Tashi ki zauna, Madam," in ji Adda. "Ba zan ba shi ba. Ban san me zai yi wa hantar mutum ba, ko a jikin ɓeran ma ban gama sani ba. In na ce miki magani ne, na yi miki ƙarya."

Matar ta fita tana kuka. Ni kaina na ji haushin Adda ranar.

Washegari Adda ta ɗauki mayafi ta shiga gidansu. Ta nuna wa matar yadda za ta dama kunu da kauri don kada ya shaƙe shi, da yadda za ta jingina shi ta riƙa miƙe masa yatsu. Adda ce ta kai shi wurin likitan jijiya. Ko a ranakun da tsoron bam ya hana mutane zuwa kasuwa, ba ta fasa leƙa shi ba. Da maganarsa ta daina fita, takan zauna ta jira har ta gane abin da yake nufi.

Ɓerayen da aka haɗa wa magungunan biyu sun ɗan fi sauran daɗewa suna tafiya, sannan su ma suka mutu. Na ce mata, "Adda, duk wahalar nan, shi ke nan?"

Ta ce, "Kaɗan ne. Amma haka na gani, haka kuma zan rubuta."

Maƙwabcinmu ya rasu da kaka. Da za a tafi da gawarsa garinsu, matarsa ta ƙi shiga mota sai da aka kira mata Adda suka yi sallama. Bayan sati Adda ta kawo sababbin ɓeraye, ta rage yawan magani na biyu, ta sake daga farko.